Jar Baƙuwa a Firjina

Ni mai ƙanƙara ne a Tumfure.
Jarina sanyi, ribata wuta:
in an kawo ta in yi barci,
in an ɗauke, ni da janareta mu kwana muna faɗa.

Ranar Laraba Jalo ya sauka daga Abuja
da kula mai shuɗin murfi.
"Kawu, ajiye min, na Inna Dudu ne.
Kar ya narke, ya fi takalmina tsada."
Na buɗe leda, sai jajayen ƙwayoyi
kamar murjani ya tsinke a cikin raɓa,
kowace da ɗan farin gemunta.
Kiranberi, in ji shi.
Sau uku na faɗa kafin harshena ya yarda.

Na ba ta masauki
tsakanin ƙullin zoɓo da na kunun aya.

Walida, 'yar shekara shida, ta fara kai hannu.
Ban gan ta ba, fuskarta ce ta kai ƙara,
ido ɗaya a rufe, baki ya nufi kunne:
"Baba, tsamiya ce aka ɓata mata rai!"

Bayan la'asar Sista Rifkatu ta zo sayen ƙanƙara,
'yar Kaltungo, shekara ashirin da biyu a ɗakin awo.
Ta sa tabarau, ta juya ledar,
ta bi rubutun a tsanake
kamar mai duba takardar fili.
Ta ce akwai bitamin si,
bai kai na gwaiba ba, amma akwai.
Akwai harza mai sa ciki ya tafi daidai.
Sukarinta kaɗan ne, shi ya sa take murtuke.
Sanyi bai cinye amfaninta ba,
barci kawai ya sa ta.

"Yara, a dafa musu, a murƙushe a kunu.
Wanda bai gama haƙora ba
kar a miƙa masa ƙwaya guda, tana shaƙewa.
Inna kuwa, da zafin fitsarinta,
ana cewa takan tare hanya kar ya dawo,
amma wanda ya riga ya shigo gida ya zauna,
asibiti ke fitar da shi.
Tana shan maganin tsinka jini?
To likita za a fara tambaya."

Jalo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.
Ya zaci waraka ya ɗauko a kula.

Ba ta shan maganin, mun tambaya.
Aka dafa kofi guda, suna fashewa ɗaya-ɗaya a tukunya
kamar masu gardama,
aka ɗiga zumar da ta rage tun azumi.
Inna Dudu ta lasa, ta yi shiru, ta sake lasa.
"Yakuwa ce," ta ce, "ta yi boko.
Ka wuce ta a bayan ɗakina
ka je ka biya mata kuɗin mota."
Duk da haka ta suɗe kwanon,
ta hana Walida ko cokali,
wai na jikanta ne, ba na rabo ba.

Ƙarfe biyun dare wuta ta tafi.
Na tashi da tocila a baki ina zuba mai
don rabin ledar da ko sunanta ban iya ba,
sai Dadin Kowa ta faɗo min a rai:
gwaiba a ƙasa, awaki sun ƙoshi sun bar ta,
ba leda, ba rubutu a bayanta,
ba wanda ya taɓa ce min kar ta narke.

Da safe na aiki yaro tasha.
Kwano biyu ya kawo, na wanke, na yanka,
na kwantar da ita gefen baƙuwa.
Walida ta leƙa ta ce, "Ita kuma ta wace ce?"
Na ce rufe firjin,
sanyi na fita.