Littafin da Ba Shi da Bango

Tasi'u shekararsa takwas.
Ya san tattabarun unguwarmu ɗaya bayan ɗaya,
ya san wadda ta yi ƙwai a kogon dutsen Birni,
amma da ya buɗe littafin lakwal
sai baƙaƙe su zame masa tururuwa.
B ta juya baya ta koma d,
ya danne ta da yatsa, ta sulale.
Kayensa ya dawo ja wur da bik ɗin Mushe,
ya tura shi bayan randa.

Ni baduku ne, bokona bai yi nisa ba,
amma na san fata ba ta karɓar zane da ƙarfin tsiya.
Sai an yayyafa mata ruwa, an ba ta lokaci.

Ran Alhamis na rufe rumfa da wuri,
kabu-kabu ya sauke mu Kasuwar Dole
gun Malam Ilu mai tsofaffin littattafai,
wanda ke baza su kan buhu
ya danne kowanne da tsakuwa.
Na ce na zane-zane muke so, masu labari.

Na farko mai kauri ne, yana sheƙi.
Magana ta cika gidajen har ta danne kawunan mutane
kamar motar Matamaye ran kasuwa. Na ajiye.
Na biyu ƙanƙara ce fari fat ko'ina,
Tasi'u ya ce, "Baba, gishiri ne ya zube musu?"
Shi ma na ajiye,
ko da yake yanzu ina ganin da na ɗauko.
Na uku takobi da jini, shafi bayan shafi.
Da uwarsa ta kore mu ni da shi.

Na waiwaya, ba yaro.
Can na hango shi tsugune bayan buhu
da wani yagagge, ba bango, ba suna,
gefensa duk tabon mai,
ƙila an naɗe ƙosai da shafin farko.
Akuya ce a ciki da ɗan ga-ruwa,
ta tunkuyi kurarsa, jarkoki sun watse.
Kowane gida kalma biyu ko uku
cikin 'yar kumfa mai fitowa daga baki.
Wani gidan ma shiru ne, idon akuyar kawai.

Leɓensa na motsi.
Ban matsa ba. Malam Ilu ya bar ƙirga canji.
"B... bu... BUM!"
Ya ɗago kai kamar wanda ya tsinci jika.
"Baba, jarkar ce ta ce bum. Ga shi nan an rubuta."

Malam Ilu ya ce dala arba'in,
kuma ƙarshensa ya ɓata, kada a dawo masa da ƙara.
Na ba shi talatin.

Da dare aka ɗauke wuta.
Da tocila muka bi akuyar gida-gida.
Inda Faransanci ya fi ƙarfinmu
hoto ya kama hannunmu ya ƙetarar da mu.
Kalma bakwai ya karanta, ina ƙirgawa.
Biyu canka ya yi,
na yi kamar ina korar sauro.
Sai takarda ta ƙare:
akuya a bakin rijiya,
ɗan ga-ruwa a bayanta da sanda.

Da safe na same shi a rumfa
ya tsinci guntun fata cikin sharata,
ya ja gida huɗu da bik.
A na huɗun akuya ta tsallake rijiya,
ƙafafunta biyar,
ga kumfa babba a bakinta, wayam.

"Baba, yaya ake rubuta na tsira?"

Ni ma sai da na sosa ƙeya.
Na ture basilla gefe,
na jawo masa kujera,
muka fara da na.