Littafin Sa Hannu

Sha ɗaya saura kwata na shigo,
na rubuta takwas daidai.
Biro ba ya gardama.
Ƙarƙashin sunana na sa na Davou,
wanda ke Vom yana haƙar dankali,
na karkata hannu yadda yake karkatawa.
Gobe shi zai karkata nasa domina.

Shekara goma sha tara ina wanke kwalaben gwaji
a ɗakin da famfonsa ya ƙafe tun ina da baƙin gashi.
Da jarka nake hawo da ruwa, bene biyu.
Ɗalibai su zo, su kwafi sakamakon gwajin da ba a yi ba
daga littafin waɗanda suka gama bara,
su ce sannu Baba, su fice.

Shugaban sashe na farko Tanimu yake ce mini.
Na biyu, "kai".
Na uku bai kira ba, takarda yake aikowa:
a kawo dalili cikin awa ashirin da huɗu.
Sunana Tasi'u. Yana cikin fayil.
Fayil ɗin, in ji ƙasa, yana sama,
sama ta ce bai iso ba.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.
Ban ce ni ba ƙadangare ba ne.
Bandir ɗin takarda ya bi ni gida sau huɗu,
Hansatu ta naɗe ƙosai da tambarin jami'a.
Da azahar in rataye farar riga a ƙusa
don mai leƙe ya ce ina kusa,
in karɓi keke a Farin Gada:
Taminus, Taminus, saura mutum ɗaya!
Ran nan na ɗauko wani farfesa.
Lokacin lakcarsa ne, na sani, ya san na sani.
Ya kalli titi, na kalli titi,
na ba shi canjinsa cif.

Sai aka kawo Dakta Kangyang.
Wata Laraba, ƙanƙara na dukan kwano,
ta shigo da littafin sa hannu a hammata.
Na ce yau kashina ya bushe.
Ta murɗa famfo, ya yi tari, ya yi shiru.
Ta jawo kujerar katako ta zauna,
ta ce, "Malam Tasi'u, tun yaushe?"
Ban san wanne take tambaya ba,
famfon, ko hannun Davou, ko ni.
Na ce, "An daɗe."

Ba ta yafe ba.
Ta ja jan layi a sunan Davou, ta ja a nawa,
ta ce in riƙa rubuta abin da agogo ya faɗa
ko da sha biyu ce.
Sannan ta hau sama da ƙafarta.
Kwana tara tana hawa.
Aka sami fayil ɗina ƙarƙashin ƙafar teburin wani akawu,
shekara shida yana hana tebur rawa.
Ashe ni ma ina da amfani a can sama.

Albashi bai motsa ba tukuna.
Famfo na nan da tarinsa,
sai dai an kawo ganga; da kuɗin wa, ban tambaya ba.
Keken ma ban mayar ba,
yara huɗu ba sa cin jan layi.
Bayan la'asar dai nake fita yanzu.

Litinin na iso takwas saura goma.
Ba kowa. Gajimare ya sauko kan duwatsun Naraguta,
mabuɗi na wajen masinja, masinja na hanya.
Na tsaya ina hura hannu, ina jin haushi
kamar wanda aka yi wa wayo.
Da aka buɗe na rubuta takwas saura goma,
sai biron ya yi mini baƙo.
Layin Davou na bar shi fari.
Na kira shi a waya, na rasa abin faɗa,
na tambaye shi nawa buhun dankali.