Abin da Ƙwaya Ta Tuna

A Bunza, inda hanya ke gangarawa gulbi,
akwai tsohuwar da idonta ya yi hazo
amma harshenta bai taɓa ɓatan kai ba.
Gwaggo Yahanasu mai kunun zaƙi.
Ni ne ɗan aikenta, ni ke ɗauko dawa.

Ba ta tambayar nawa mudu.
Ƙwaya ɗaya take tsinta, ta hure,
ta kai wa turmin haƙorin da ya rage mata,
ƙas!
sai ta yi tsit, kamar mai jiyo sallama daga nesa.

"Wagga ta jigawa ce, ta sha ƙishi,
zaƙinta ƙanƙane ne, amma ba ya ƙarya.
Waccan ta fadama, ta ƙoshi da laka,
ga jiki, ga nauyi, sai dai kwana ɗaya
ta fara tsami kamar maƙwabci mai riƙo."

Ta san kaurar da ta tashi gindin gawo,
ta san wadda shanun Bagudu suka kwana a kanta da rani,
ta ce jan gargari yakan bar ɗan ƙarfe a maƙoshi,
kamar ka lashi bakin lauje.
Na yi dariya. Na ce dawa ai dawa ce.
Ta ce, "To, mutum ma mutum ne,
amma buɗe baki ɗaya mun san garinku."

Sai ta jiƙa, ta tsane, ta shimfiɗa a inuwa,
ta lulluɓe da buhu kamar mai jego,
safe da yamma yayyafi da tafin hannu.
Kwana uku, farin tsiro ya leƙo,
ɗakin ya ɗauki ƙamshin ruwan farko.
"Nan ne ƙwaya ke faɗin asirinta," in ji ta,
"citta da kanumfari 'yan rakiya ne kawai."

Na taɓa gwada ta.
Na gauraya ta tudu da ta kwari a kwano ɗaya.
Ta tauna, ta tofar, ta lalubo kunnena:
"Wa ya haɗa ɗaki da mutanen da ba sa gaisawa?"

Shekarar da bashi ya ci gonar Nomau, mijinta,
ba ta yi kuka a gabanmu ba.
Damina uku ta wuce.
Wata Laraba na sayo dawa hannun baƙon fuska,
na juye mata, ban san komai ba.
Ta tsinci ɗaya.
Ƙas.

Wannan shirun ya fi kullum tsawo.
Kaji suka zo bakin tabarma, ba ta kore su ba.

"Wa ke noman ta yanzu?" ta ce.
"Ya zuba takin buhu, ya yi gaggawar yanka.
Amma can ƙasa, ƙarƙashin gaggawarsa,
ga tsohuwar rijiyar nan, ga tokar bukkarmu.
Ba ta mance ba."

Ranar ba ta sayar da ko ludayi ɗaya ba.
Ta dama, ta tace, ta aike ni gida-gida,
har gidan wanda ya karɓi gonar.

Yau ina Birnin Kebbi, ina shan na gora mai sanyi,
sukari ne gaba, sukari ne baya,
babu gari a cikinsa, babu kowa.
Wani lokaci a kasuwa nakan faki idon mai awo
in saci ƙwaya in kai baki.
Ina jin dawa. Dawa kawai.
Sai in tsaya dai, in ɗan ƙara taunawa.