Gari Ba Katanga

Ƙarfe ɗayan dare a Idi-Araba,
janareto na tari bayan ɗakin gwaji,
daga ni sai madubi sai bakteriya guda.

A aji cewa aka yi buhu ce,
komai na cikinta a watse.
Na ɗiga mata rini, ta ƙaryata su.

Tsakiya, kundin gado ya naɗe kamar gammo,
nan ake kwafo saƙo, RNA, siririn zare.
Ƙuryoyin biyu ribosom sun yi cincirindo,
teloli, suna bin zaren suna ɗinka furotin.
Jikin bango almakasai na dako:
saƙon da ya gama aiki a daddatse shi,
guntayen su koma kasuwa.

Ba ɗaki, ba ƙofa,
amma kowa ya san rumfarsa.

Sai na tuna Baba Ilu a Mile 12,
shekara talatin yana kasa albasa
a taku huɗu na laka.
Ba takarda, ba shinge.
Taɓa wurin ka gani.

Da asuba zan bi ta Ojota,
inda 'yan bola ke warware
abin da Legas ta gama karantawa.