Takalmi a Hannu

Watansa tara, haƙora biyu,
hutun haihuwa ya ƙare tuni.
Lakwal na jirana a Garin Malam,
yara saba'in, allo ɗaya.

Satin farko sata na yi:
in jira barci ya ɗauke Mutari,
in riƙe takalmi a hannu,
in yi sanɗa har zaure
kamar wadda ɗan garuwa ke bi bashi.

Sai ya koyi abin da ban koya masa ba,
wai barci ne ke cinye uwa.
Ya daina yarda da barci.
Ido biyu, hannu damƙe da bakin zanena,
ko randa na nufa
kukansa sai ya haye duwatsun Birni.

Inna Tsahara, mai riƙe mini shi,
tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba:
"Ɓarawo ke fita da sanɗa,
uwa sallama take yi.
Bar shi ya ga bayanki,
ya san ƙofar da fuskarki za ta ɓullo."

Ta ɗauki faifai ta rufe fuska.
"Ina Inna? Inna ta tafi Mirriya!"
Ta sauke. "Ga ta!"
Leɓensa na rawa,
ya rasa kuka zai yi ko dariya.
Sau goma, sau ashirin,
har ya kai hannu ya janye faifan da kansa.

Ran Litinin a gabansa na sa takalmi.
Na kwance kallabin da na kwana da shi,
mai ƙamshin nono da man kaɗe,
na danƙa masa.
Na ce, "Zan tafi. Da kiran azahar ina nan."
Ya yi kuka, ba zan ɓoye ba.
Ƙafata ta roƙe ni in koma, na hana ta.
Bisa kabu-kabu na ƙarasa masa kukan,
har mai babur ya yi mini ta'aziyya.

Inna ta ce ko shayi bai tafasa ba
ya koma cizon ludayi,
kallabin a ƙarƙashin haɓa.

Yau sati uku.
Ladan bai rufe baki ba na shigo.
Ga shi bisa tabarma,
faifai a fuska, ƙafafu a waje,
cikinsa na motsi da dariyar da yake ɓoyewa.

Na ajiye jaka.
Na duba bayan randa, na duba ƙarƙashin turmi.
Na ce, "Inna, ina Mutari?"