Kilishin Tankari

Shekara goma sha ɗaya Tankari na shanya nama
a bayan tashar Wadata,
bai taɓa duban rigar mai saye ba.

Sai ga kamfani biyu masu kai abinci gida-gida,
ɗaya shuɗiyar riga, ɗaya ruwan ɗorawa,
kowa da baburansa, kowa da manhajarsa a salula.
Ni ina cikin masu shuɗi.
Rabin kiran da ke shigo mini bayan azahar
sunansa ne: na jikka biyu, a ƙara yaji.

Wata Talata masu ɗorawa suka zo da mota,
da firiji, da kwanon rufi,
da takarda shafi huɗu cikin Faransanci.
Ɗansa Laminu ya karanta manyan layuka,
ƙananan suka yi masa ƙanƙanta.
Tsoho ya dangwala yatsa.
Shekara biyu, namansa ba ya hawa babur sai nasu.

Washegari na tsaya kamar kullum.
Bai ɗago ba, yana ta juya labu a kwarya.
“Arzika, zauna ka ci, ban ce ka biya ba.
Amma akwatin nan na bayanka,
ko tsinke ba na sa masa.”

Wata hajiya a Yantala, mai ba ni ruwan sanyi,
ta goge mu daga wayarta a daren.
Ba mu yi mata laifi ba.
Harshenta ta bi.

Maigidanmu bai kwana ba shi ma.
Ya nufi Bukoki, ya ɗaure Zuwera mai fura
da tasa takardar.
Yanzu mai son kilishi da fura a Yamai
sai ya kira babur biyu, ya biya hanya biyu.
Ni da Shaibu mukan haɗu a ƙofa ɗaya,
shi ɗorawa, ni shuɗi,
man biyu ya ƙone kan cikin mutum guda.

Da wata shida ya cika, kason kamfani ya tashi
daga goma zuwa ashirin da biyar.
Yana cikin ƙananan layukan.

Jiya na bi ta wurin, ban tsaya ba.
Firijin na ta gurnani, rufin na sheƙi.
A jikin bango, bayan shanya,
na hango zanen gawayi jere.
Watanni yake ƙirgawa.
Saura goma sha bakwai.