Asha, Ba Assha Ba

A Bukoki aka binne cibiyata,
shekarar da kogi ya haura gonakin shinkafa
ya shiga ɗakunan Harobanda ba sallama.
Uku sun riga ni zuwa, ukun sun koma
tun ba su san ɗanɗanon koko ba.
Inna ta daina sayen zanen goyo,
wai kada mutuwa ta ga shiri ta zaci gayyata ce.

Kalmasa take yi a Babbar Kasuwa,
a kantin yadin wata tsohuwar Ba'indiya
mai ɗigon ja a goshi, mai Hausa gutsure-gutsure,
kullum da kanumfari a kumatu.
Kan keken ɗinki naƙuda ta kama Inna,
sama ta tsage, ba taksi, ba kabu-kabu.
Tsohuwar ta rufe kanti ana tsakar ciniki,
ta ja motar ɗanta, tuƙin da ba ta gwanance ba,
ta kai ta asibiti, ta kwana kan benci
da jiƙaƙƙen takalminta a cinya.

Sunanta Asha.

Ranar suna Kaka Tabawa ta kafe:
"Ayashe za a sa, ko Ajuji,
mai ɗauka ya zo ya ga shara, ya wuce."
Liman ya raɗa A'ishatu, rago ya faɗi a kai.
Daga ƙuryar ɗaki, Inna, da muryar mai jego:
"Asha."
Mata suka tafa hannu: "Assha!
Wa ke kiran jinjiri da kalmar jaje?"

Haka na tashi.
Tulu ya fashe, a waiwayo ni.
Akuya ta mutu, yara su nuna ni da baki.
A lakkol na iya dambe kafin in iya lissafi.

Ina da sha shida na koma kantin.
Tsohuwar ta tafi gida tuni, ƙasa ta karɓe ta can.
Jikanta Nirmal ya juya takardar ciniki,
ya zana mini sunan da baƙaƙensu,
suna reto a jikin layi kamar shanya a igiya.
Ya ce: "Sanskirit ne, tsohon harshe,
ba a taya kaya da shi, sai addu'a da karatu.
Ma'anarsa sa rai.
Yana kuma nufin kusurwar duniya,
inda matafiyi ke juya fuskarsa.
A garinmu, kira shi a tasha,
mata goma su waiwayo."

Na naɗe takardar kamar laya.

Yau ni ke zaune a ofishin magajin gari,
ina cika takardun haihuwa.
Bana sau huɗu alƙalamina ya rubuta ni.
Nakan ɗaga kai in ce, don me?
Wani ya ce A'isha ce aka rage wa tsawo.
Wata ta ce a talabijin ta tsinta.
Wani Bazabarme mai wankin karas a bakin kogi
ya ce kawai ya yi masa daɗin baki.
Ta huɗun ta daɗe tana gyara goyo,
ta ce: "An ce a Bukoki wata mai wabi ta sa shi,
kuma ɗiyar ta zauna."
Ban ce mata ni ce ba.
Na buga hatimi, hannuna na rawa.

Inna ba ta taɓa tambayar ma'ana ba.
Da na faɗa mata, tana tsince zogale,
ko kai ba ta ɗaga ba.
"Na sani," ta ce. "Na gan shi kan benci,
da takalmi a cinya, yana jiran asuba."

Tsakanin jaje da sunana harafi ɗaya ne.
Ku sassauta harshe in za ku kira ni.